Takardar Burtali da Jeren Uku

Takardar ba da hannu aka rubuta ta ba. An kai ta wani shago a Funtua aka buga ta da na'ura, shafi ɗaya da rabi, babu suna, babu sa hannu. A ƙasa an sa "Masu kishin gari". Abin da take faɗa shi ne wan matata, wanda kowa a ƙauyenmu ke kira Alhaji, ya cinye burtalin da ke gabas da gonarsa, yana ƙara kunya ɗaya kowace damina, har shanu sun rasa hanyar sauka rafi. Daga ofishin hakimi aka turo ta wurin dagacinmu. Aka tara mu a zaurensa wata Laraba bayan la'asar, magatakarda ya miƙe ya karanta.

Bai kai rabi ba na lura mutane suna ɗaga kai su dube ni, su mayar da kai ƙasa. Da ya gama, Alhaji bai ce uffan a kan burtali ba. Ni ya juyo ya fuskanta.

"Malam, ai da ka sa sunanka kawai. Wannan bakinka ne. Ko ta bayan katanga na ji shi na san mai shi."

Na ce ban rubuta ba. Na sake faɗa. Na ce a kawo Alƙur'ani. Dagaci ya ce ba shari'ar wanda ya rubuta aka zo yi ba, maganar burtali aka zo yi. Bayan kwana uku aka zo da igiya aka auna, aka kafa turaku, aka sare kunya bakwai na masarar da ta riga ta fara goyo, a gaban 'ya'yan Alhaji da 'yan kallo.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta taimake ni ba. Alhaji ya shiga burtalin. Ba shi kaɗai ba, duk mai gona a gefen nan ya ɗan lasa, amma nasa ya fi fitowa fili. Kuma sau biyu na taɓa gaya masa haka baki da baki, a kan tabarmarsa, muna cin abinci. Wannan ne ya ƙara ɗaure ni. Mutumin da ya faɗa maka magana a gabanka, in takarda ta zo da irinta, shi za ka fara tunawa.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Na gama firamare, na yi shekara biyu a makarantar horon malamai, mahaifina ya rasu na dawo gona. Amma a ƙauyenmu da ke kan hanyar Maska wannan ya isa a kira mutum Malam. Na koyar da ajin yaƙi da jahilci shekaru masu yawa, na kuma riƙe sakataren ƙungiyar manoma har ƙungiyar ta mutu. Ina son kowane abu a wurinsa. Fartanyata tana da ƙusarta, takarduna suna da lamba. Shi ya sa tun a ranar na roƙi magatakarda ya ba ni kwafin takardar, na sa mata lamba, na ajiye ta a akwatin ƙarfe.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Masallacin Juma'a ɗaya, sahu daban. In na yi masa sallama sai ya amsa yana kallon wani wuri. Ya aurar da 'ya'ya uku, goron kowanne a hannun maƙwabta na gan shi. Matata takan je gidan wanta ita kaɗai, ta dawo ta ajiye mayafi ba ta ce mini komai ba, ni ma ba na tambaya. Kafin takardar nan kuwa, mutumin nan da ya ga ruwa ya sauka sai ya turo mini shanun huɗarsa ba tare da na buɗe baki ba.

Sai ciwo ya kama shi. Hawan jini ne. Ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti a Funtua, aka dawo da shi gida a kwance. Na je dubiya, babban ɗansa ya tare ni a ƙofar zaure ya ce yana barci. Ina jin tarinsa daga ciki. A ranar na gane lokaci ya fara ƙure mini. In mutumin nan ya tafi yana riƙe da ni, babu wanda zai iya kwance ni bayansa.

A hutun daminar nan autarmu ta dawo daga jami'a. Tana shekarar ƙarshe a sashen nazarin harshe, ta zo da kwamfuta ta hannu da babban ɗanmu ya saya mata. Wata safiya na dawo daga duba waken suya na same ta a rumfa, da takarda a gabanta, ta ja layuka a ƙarƙashin kalmomi, gajeru gajeru, wani na hawa kan wani.

Na ce, "Wannan wane irin karatu ne? An tura ki jami'a ki koyi yanka magana kamar mai yanka kuɓewa?"

Ta yi dariya. "Baba, zauna in nuna maka. Irin abinka ne, za ka so shi. Ba ni jimla ɗaya."

Na ce, "Manomi ya tafi gona da safe."

Ta rubuta. "Kalma shida ke nan. Ɗauki ukun farko: manomi ya tafi. Matsa gaba da kalma ɗaya: ya tafi gona. Sake matsawa: tafi gona da. Na ƙarshe: gona da safe. Jere huɗu, kowanne kalma uku, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa kamar kwanon rufi."

Ta ce a makarantarsu tiragiram suke ce masa. Bakina bai karɓi sunan ba, na ce ni jeren uku zan kira shi. Ta ce ai daidai ne.

"To an yanka. Sai me?"

"Sai a ƙirga. A tara rubutu mai yawa, a duba wane jere ne yake yawan dawowa, wanne ne ba ya zuwa sam. Baba, in na ce 'sai da', me zai biyo?"

"Safe."

"Ka gani? Ba ka tsaya tunani ba, kunnenka ya daɗe da ƙirgawa. Haka wayarka take yi in tana miƙo maka kalma kafin ka rubuta. Tana duba biyun da suka wuce, ta kawo ta ukun da ta fi yawan bin su. In kuma ta ga jeren da ba ta saba gani ba, sai ta yi zaton kuskure aka yi. Da haruffa ma ana yi. Haruffa uku-uku sun isa na'ura ta gane wannan rubutun Hausa ne, wancan Fulatanci ne, alhali ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba."

Na tambaye ta me ya sa uku, ba biyu ba, ba biyar ba. Ta ce biyu kowa yana da su, ba sa raba mutum da mutum sosai. Biyar kuwa sai ka karanta shafuka da yawa ba ka ga sun maimaitu ba. Uku ne ya tsaya a tsakiya.

Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Ilimi ne mai bin layi, mataki bayan mataki, ba ya tsallake, ba ya son rai. Da a lokacinmu aka koyar da shi da na zo na ɗaya.

Sai ta ƙara abu guda, tana tattara takardunta. Ta ce ana amfani da shi a nemi mai rubutun da ba a sa wa suna ba. Kowane mutum yana da jeren da bakinsa ya saba da su, kamar yadda kowa yake da irin tafiyarsa. Zai iya ɓoye sunansa, zai iya ba wani ya buga masa, amma ƙananan jeren nan bai ma san yana yin su ba.

Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe akwatin ƙarfe, na kawo mata takardar. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka karanta ta, ta san labarin amma ba ta taɓa ganinta ba. Ta karanta sau biyu, sannan ta ɗago.

"Baba, shafi ɗaya da rabi ya yi kaɗan. Kuma abin nan ba alƙali ba ne. Ƙirga kawai ya iya. Zai ce wannan rubutun ya fi kama da wancan, daga nan ya tsaya."

Na ce, "Abin da nake so ke nan. Ya faɗi wanda ya fi kama da shi."

Ta ce sai an samu rubutun da za a gwada da shi. Wannan kuwa bai zama matsala ba. Ina da kundin ƙungiyar manoma gaba ɗaya: wasiƙun neman shiga, na ƙorafin awaki sun ci shuka, na neman afuwar rashin zuwa taro, kowace da hannun mai ita. Na zaɓi mutum shida da nake ganin suna da dalili. A zuciyata mutum ɗaya nake nufi, mai gonar da ke arewa da ta Alhaji, wanda suka daɗe suna jan iyaka. Sauran biyar na sa su ne don a cika tsari. Ta ce dole a sa nawa rubutun, ai shi ake son wankewa. Ta ce a sa na kawunta ma, don a ga ko gwajin yana da hankali. Muka zama takwas.

Kwana tara muka yi muna shigar da su. Ni nake karantawa, don hannun wasu sai wanda ya koya musu, ita tana bugawa. In caji ya ƙare a kai kwamfutar shagon mai sola, mu jira.

A rana ta huɗu na yi kuskure na farko. Bayan sallar asuba na tsayar da liman na ce ya je ya gaya wa Alhaji cewa Juma'a ta sama, bayan la'asar, zan zo da hujja, a kira mai unguwa ya zama shaida. Da auta ta ji sai ta ajiye abin da take yi.

"Haba Baba. Da ka bari mu ga sakamako mana."

Na ce, "Mai gaskiya ba ya jiran sakamako kafin ya sa rana."

Na ji daɗin maganar a lokacin da na yi ta. Uwarta kuwa tun a ranar ta fara shirin abin da za ta kai, har ta sa aka nemo mata zuma daga Danja, don an ce wanta ba ya iya haɗiyar komai sai kunu. Na daɗe ban ji ta tana 'yar waƙa a madafa ba sai a makon nan.

Ranar Alhamis da hantsi auta ta kira ni rumfa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta fara cire jeren da kowace wasiƙar Hausa take da su, irin su gaisuwar farko da addu'ar ƙarshe. Sannan ta nuna mini waɗanda suka rage a takardar burtali. Na karanta su a fuskar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya: "abu na farko", "a bisa haka", "ya zama wajibi", "domin kada a", "ina mai tabbatar".

"Da wa suka fi kama?"

"Da kai, Baba. Da nisa."

Na ce ta sake. Ta ce ta sake sau uku tun jiya. Na ce mai gonar arewa fa? Ta ce shi ne na biyu, amma tsakaninsa da na uku da na huɗu har na takwas babu tazarar da za a ɗora magana a kai. Duk sun dunƙule wuri ɗaya. Kawunta ma yana ciki, shi ne na biyar.

"Baba, ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum bakwai, amma kamar mutum ɗaya ne ya rubuta musu duka. Wa ya koya musu wasiƙa?"

Ta san amsar, ni ma na sani.

A ajin firamare muke yin karatun, da rani, bayan la'asar. Magidanta masu furfura a kan bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Bayan sun iya baƙi da wasali sai in rubuta musu wasiƙa uku a allo: ta neman abu, ta ƙorafi, ta ban haƙuri. Sai sun kwafe su har sun haddace. Wanda ya canja kalma ɗaya, jan biro ne, ya sake daga farko. Na tuna ranar da Alhaji da kansa ya kawo mini wasiƙar ƙorafi, ya rubuta a ciki cewa awakin maƙwabcinsa suna ci masa tuwo a ƙwarya. Na ja layi a kai, na ɗaga takardar ajin ya gani, na ce wasiƙa ba hirar dandali ba ce. Aka yi masa dariya. Ya sake rubutawa: abu na farko, a bisa haka, ya zama wajibi. Na ba shi maki cikakke.

Haka na yi wa duk wanda ya bi ta hannuna. Kowa ya zo da bakinsa, na karɓe na ba shi nawa. Ina alfahari da hakan. Nakan ce wasiƙar ƙauyenmu ko a ofishin hakimi an san ta da tsari. To an santa. Wanda ya so ya soki Alhaji a ɓoye bai wahala ba, ya zauna ya rubuta yadda aka koya masa, sai ga ni tsaye a cikin takardar.

Sannan na ce, "Cire sunana."

"In na cire ka, na biyu ya zama na ɗaya. Ba ni da hujja a kansa, Baba. Za a yi masa abin da aka yi maka."

"Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Ta sunkuyar da kai, amma hannunta bai taɓa kwamfutar ba. Na yi mata faɗa irin wanda ban taɓa yi mata ba. Na ce kuɗin makarantar da aka kashe asara ne. Uwarta ta leƙo daga madafa ta koma. Da na gaji na yi shiru, sai yarinyar ta ce a hankali, "A ɗaga zaman. A ce ba a gama ba."

Da na bi wannan shawara. Amma a duk shekarun da na yi sakatare ban taɓa ɗaga taro ba, ko ana ruwa. Kuma na san abin da za a ce in na ɗaga: Malam ya ga abin da ya gani ya tsorata. Na ce za a je.

Ta ce, "To bari in fara da bayanin ajin. In sun fahimci yadda kowa ya koyi wasiƙa, sannan in karanta sunaye."

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce, "Ba a yin bayani kafin sakamako, sai a ce an shirya magana. Ki karanta daga na ɗaya zuwa na takwas, sannan bayani. Haka tsari yake."

Ta ce, "To, Baba."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shigar da mu ɗakin Alhaji. Shekara goma sha ɗaya rabona da ɗakin. An jingina shi da matasai a kan katifa, bakinsa ya karkace, hannun dama yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Liman yana zaune a gefe, da mai unguwa, da babban ɗansa. Matata ta tsaya a bakin ƙofa tare da matan gidan. Na yi masa ya jiki. Ya amsa wa liman. Amma da ya ga auta sai fuskarsa ta saki, don tun tana ƙarama yake ji da ita.

Maganarsa tana fita da ƙyar, amma ana ganewa. "'Yar boko. An ce kin zo da alƙali a cikin jaka."

"Kawu, ba alƙali ba ne. Ɗan ƙirga ne kawai."

"To ya ƙirga mu ji. Allah ya sa ba ya karɓar goro."

Aka yi dariya. Ta yi musu bayanin jeren uku a taƙaice, yadda ta yi mini. Liman ya ce ashe shi ma in ya ce "Allah ya" jama'a sun riga sun san sauran, shi ya sa suke yin amin tun bai gama ba. Aka sake dariya. Na ga ɗakin ya yi sauƙi, har na fara sa rai.

Sai ta buɗe takardar da ta rubuta sakamakon. Muryarta ta yi ƙasa.

"Wanda rubutunsa ya fi kama da takardar, na ɗaya, Baba ne. Na biyu…"

Alhaji ya ɗaga hannun hagu. "Tsaya. Sake faɗa."

"Kawu, ka bari in kai ƙarshe, akwai bayani."

"Na ɗaya wa?"

Ta dube ni. Ya ce, "Faɗa mana, uwata."

"Baba."

Ya fara dariya. Dariyar mai shanyewar jiki ba ta da daɗin gani, rabin fuska ke yi, rabi na kallonka. Ya yi har tari ya sarƙe shi, ɗansa ya ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Liman, ka ji. Mai unguwa, ka ji. Abin da kunnena ya gaya mini tun ranar farko, shi mutumin nan ya ɗauko 'yarsa da na'ura suka zo su shaida."

Na ce, "Alhaji, akwai na biyu har na takwas. Ka saurara."

"Me zan yi da na biyu? Mutum nawa ne suka sare mini masara?"

A nan ya kamata in yi shiru in bar yarinyar ta yi magana. Amma na riga na hau. Na ce, "Kai ma kana ciki! Kai ne na biyar!"

Ya dube ni, karon farko a cikin shekarun nan da ya dube ni ido cikin ido.

"Au. Ni na kai ƙarar kaina ke nan."

Auta ta fara cewa, "Kawu, abin nufi shi ne duk wanda ya yi ajin Baba…" Amma ya riga ya juya fuska bango. Ɗansa ya miƙe ya ce, "Malam, jikinsa ba ya son hayaniya. A yi haƙuri." Ya riƙe mini labule. Na wuce matata a bakin ƙofa, tana riƙe da kwalbar zuma, ba ta ba kowa ba tukuna.

A hanya liman ya ce mini Allah ya san gaskiya. Ya faɗe ta da muryar da ake faɗa wa wanda ba a son a kunyata. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama gari har ya kai Maska, kuma a gajarce ya tafi: kwamfuta ta kama Malam, 'yarsa ce ma ta karanta. Bayanin aji da allo da jan biro ya yi wa mai ba da labari tsawo. A da rabin gari ne suke zargina, saura suna cewa Allah masani. Bayan zaman nan babu sauran mai cewa haka.

Auta ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ta rubuta wa kawunta bayani shafi biyu, ta kai da kanta, ɗansa ya karɓa ya ce zai karanta masa in ya samu sauƙi. Ban sani ba ko ya karanta. Da hutu ya ƙare ta durƙusa ta ce in yafe mata. Na ce babu abin yafewa, kuma har zuciyata haka ne. Ita ta gaya mini tun farko abin da gwajin zai iya da abin da ba zai iya ba. Jeren uku bai yi mini ƙarya ba. An tambaye shi bakin wa ke cikin takarda, ya ce nawa, kuma nawa ne. Hannun da ya ɗauki takardar ya hau mota ya kai ta Funtua, wannan ba ya cikin abin da ake ƙirgawa. Mai hannun yana nan a garin, ko ɗaya daga cikin shidan ko wani da ban ma kawo a raina ba. Yana gaishe ni da Malam, ina amsawa.

Alhaji ya rasu da kaka, ana tsakiyar cirar auduga, wata safiyar Talata. Na riga kowa zuwa. A garinmu in babba ya rasu ana neman wanda ya san hukuncin wanka daga cikin dangi, kuma shekara talatin ni ake kira. Na naɗe hannun riga na nufi ɗakin. Babban ɗansa ya sha gabana, idonsa ja, ya yi magana ƙasa ƙasa don kada a ji.

"Malam, ya bar wasiyya. Ya ce a bar ka ka huta."

Na sauke hannun rigata. Na bi sallah a sahun baya, na bi gawa zuwa maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna kamar kowa. Kwana uku na zauna a wurin ta'aziyya, a bakin tabarma. Masu zuwa suna miƙa wa 'ya'yansa hannu, su miƙa wa liman, in sun zo kaina wasu su miƙa, wasu su tuna da takalminsu.

Matata ta yi kwana bakwai a can. Ta dawo da yamma, ta yi mini sannu da gida, ta ɗora tukunya. Da ta kawo mini tuwo ba ta koma ba kamar yadda ta saba. Ta zauna a bakin tabarma, tana murza gefen zanenta. Shekara arba'in muna tare, a duk rikicin nan ba ta taɓa yi mini tambaya ko ɗaya ba.

Ta ce, "Malam, yanzu dai ya tafi. Babu wanda zan gaya wa. Kai ne?"

Na ajiye lomar da na ɗauka. Na ce, "Ban rubuta ba."

Ta ɗan jima tana kallon kwanon. Sannan ta ce, "To."

Ta tashi ta tafi ɗauko mini ruwa.